Shekarun Abdulmuhaimin

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Maiturare ya kira ni daga Kano. Tun muna buga wa ƙungiyar gari tare, shi a baya ni a raga, halinsa bai sake ba. Sai da ya gama tambayar iyali da damina da ciwon gwiwata, sannan ya fito da abin da ya sa ya kira. Makarantar horar da 'yan ƙwallo da yake wa aiki za ta ɗauki sabbin yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, kuma an ba ƙasar Daura gurbi ɗaya. Yana son in rubuta masa rahoto a kan biyu daga cikin yarana kafin ƙarshen wata, su zaɓi guda. Ci da kwana da karatu duk a wuyansu har shekara uku.

Shekara sha huɗu ina horar da yara a filin bayan makarantar da nake koyarwa, ba a taɓa yi mini irin wannan kiran ba. Har na fara yi masa godiya, sai ya ce bana akwai sabon tsari. Duk yaron da aka zaɓa sai an kai shi asibiti an ɗauki hoton ƙashin wuyan hannunsa, a gani ko ya gama haɗewa irin na manya. Bara an kunyata su a wata gasa, shugabanninsu sun ce ba za a sake ba. Kocin da ya turo yaron da ya faɗi gwajin, shi da garinsu an rufe musu ƙofa.

Na ce masa hakan ya yi kyau.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Filin ya sha ruwa, a rabin gabas muka yi atisaye. Biyun da zan rubuta ba ɓoyayyu ba ne, ko mai rake na bakin fili ya san su.

Abdulmuhaimin, lamba tara, ɗan abokina marigayi Kalilu na Babban Mutum. A nan Daura yake zaune wurin gwaggonsa saboda ƙwallo. Ƙwallo ashirin da uku ya ci a gasar bara. In ya sa kafaɗa, ɗan baya sai dai ya tashi ya kakkaɓe wando.

Sai Kabiru, ɗan Baure, mai buga tsakiya. Siriri kamar karan dawa, iska ma tana iya ƙwace masa ƙwallo. Amma na daɗe da sanin cewa ba a auna yaro lokacin da ƙwallo take ƙafarsa. Kafin ta iso ake kallonsa, da bayan ta kuɓuce masa. Kabiru yakan waiga sau biyu kafin a ba shi, ya riga ya san inda za ta tafi tun ba ta zo ba. In an ƙwace masa, ba ya ɗaga hannu yana kallon alƙali, gudu yake ya koma ya tare hanya. Yau sau shida aka kayar da shi a cikin taɓo. Huɗu daga ciki Abdulmuhaimin ne.

Na buɗe littafi zan fara rahoto, na rubuta sunayensu kawai.

Alhamis, 7 ga Agusta, da safe

Takardun haihuwar yaran suna cikin jakata ta fata. Ta Kabiru katin asibiti ne, ya yayyage a ninki, sha biyar da wata bakwai. Ta Abdulmuhaimin fes take, da hatimi. Sha shida ta ce.

Asabar, 9 ga Agusta, bayan azahar

'Yata Siddiƙa ta dawo hutu daga kwalejin Katsina. Gida ya cika da surutunta, har ƙannenta sun daina faɗa. Muna cin dambu sai matata Talatu ta ce ikon Allah, 'yar da ta goya jiya ce za ta cika ashirin ranar Talata. Ta juyo ta dube ni ta ce ai Siddiƙa da ɗan Kalilu kwana huɗu ne tsakaninsu, ko na manta ni da Kalilu rana ɗaya muka je Mai'adua muka sayo ragunan suna, muka ɗoro su a mota guda?

Ban manta ba. Nasa ma ya fi nawa ƙaho, ya yi ta yi mini dariya a hanya.

Talatu ba ta san abin da takardar ta ce ba. Ko kuma ta sani, don da na tashi ban ƙarasa ci ba, ba ta tambaye ni dalili ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da hantsi

Ban rubuta ba.

Wajen miƙe jiki na tsinci kaina riƙe da wuyan hannun Abdulmuhaimin ina dannawa da babban yatsa, kamar ni ne na'urar hoton ƙashin. Ya ce, Koci, lafiya? Na ce agogonsa nake dubawa. Ba ya ɗaure da agogo.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Barakatu, mahaifiyar Abdulmuhaimin, ta zo daga Babban Mutum. Labari ya riga ya kai can. Ta kawo ƙwan zabi cikin ƙwarya an shimfiɗa musu ƙaiƙayi, ta zauna a tsakar gida tare da Talatu, ni ina bakin ƙofar ɗaki. Kasancewarsa ɗan fari ba ta kama sunansa, sai dai ta ce ɗanka.

Ta ce tun ranar da na gaya mata yana da ƙafa, ba ta sake tsare shi a gona ba, ita da ƙannensa mata suke noman. Ta ce sau biyu kawunsa yana neman ya tafi da shi ya koyi walda, tana hanawa, har suka yi wata uku ba sa gaisawa. Ba roƙona ta yi ba. Da roƙo ne da ya fi sauƙi. Godiya ta zo yi tun kafin a yi abin.

Da za ta tafi ta ce, "Malam, babansa kai ya bar wa shi. Ni ban san ƙwallo ba, kai na sani."

Na raka ta har bakin titi ta hau mota. Da na dawo na tarar Talatu ta ajiye ƙwaryar a kan firji ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, da safe

An ce na'urar takan yi kuskure. An ce akwai masu ashirin da suke wucewa, akwai 'yan sha shida na gaskiya da take kayarwa. Na ji haka daga bakin mutum biyu, kuma ni na nemi su faɗa mini.

In ya wuce, ya wuce. In bai wuce ba, ba shi kaɗai zai dawo ba. Duk yaron da ke buga ƙwallo daga Daura har Baure zai dawo tare da shi, ba tare da ya taɓa zuwa ba.

Ban rubuta ba.

Asabar, 16 ga Agusta, bayan magariba

Mun je Baure wasan sada zumunta. Gero ya yi kai a duk hanya, har ba a hango garuruwa sai an shiga. Mun ci uku da ɗaya, duka ukun Abdulmuhaimin. 'Yan kallo suna ta kiran sunansa. Ni kuwa na tsaya ina duban ɗan bayan da aka ba shi ya tsare, yaro ne ko gashin baki bai fara ba, a ƙarshe ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga.

Ƙwallo ta biyu Kabiru ne ya haife ta. Ya karɓa da bayan ƙafa, bai ko ɗaga kai ba ya zura ta tsakanin mutum biyu. Babu wanda ya kira sunansa.

Bayan wasa mahaifin Kabiru ya same ni. Dillalin shanu ne, dogo, ba ya son dogon zance. Ya tambaye ni ko yaron nan zai ci abinci da wannan abin, ko ya ɗauke shi su riƙa bin kasuwa. Na ce masa ban sani ba. Cikin yara ɗari masu kyau, da wuya biyu su kai inda ake so. Abin da na sani shi ne kansa ya riga jikinsa girma, kuma jiki yana zuwa, kai ne ba a cika samu ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya ji daɗi da ban yi masa daɗin baki ba. Sannan ya tambayi ɗan wane ne wancan ƙaton mai cin ƙwallo, na gaya masa, na ce su duka 'yan ƙasa da sha bakwai ne.

Ya dube shi daga nesa, irin kallon da suke wa sa a kasuwar shanu. Ya ce, "Mu dai a sana'armu ba ma tambayar mai dabba. Baki muke buɗewa mu duba haƙori."



Lahadi, 17 ga Agusta, da rana

Ranar da aka je yin takardar Abdulmuhaimin, bayan arba'in ɗin Kalilu da mako biyu, ni ne a gaban babur. Lokacin gajere ne, fuskarsa ta yara. Gasar 'yan ƙasa da sha biyar ta matso, kowa yana yi, na ce wa kaina taimakon maraya ne. Har yau ban ce ba taimako na yi niyya ba.

Abin da ya hana ni sukuni yau wani ne daban. Na ɗauko tsofaffin littattafaina na rahoto ina dubawa. Yara nawa na sallama na rubuta a gaban sunansu, ba shi da ƙarfi, ba ya jure karo? Na ƙirga goma sha ɗaya cikin shekara biyu. Da wa nake haɗa su karon? Wataƙila ƙarfinsu daidai yake da shekarunsu. Ɗaya yana tura baro a kasuwa yanzu, yakan gaishe ni da Koci har gobe.

Laraba, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na gaya wa Abdulmuhaimin.

Bayan atisayen safe na ce ya tsaya. Muka zauna a gindin dogonyaron da muke rataye jesi. Na yi masa bayanin hoton ƙashi, da abin da zai biyo baya in ya faɗi, na ce ba zan tura sunansa a matsayin ɗan sha shida ba. Na ce zan rubuta gaskiya, in roƙi Maiturare ya nema masa gwaji a ƙungiyar manya. Yana ta kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa.

Da na gama ya ce, "Baba Lawal." A fili Koci yake ce mini, wannan sunan na gida ne. "Kai ka ce in manta da waccan shekarar, in haddace wannan. Ka ce ko a mafarki aka tambaye ni, ita zan faɗa. Na haddace."

Na ce haka ne.

"Abokaina da muka yi firamare, wani ya yi aure, wani yana da shago. Ni ina nan ina wasa da ƙannena ina jiran wannan ranar. To yanzu shekarata nawa?"

Ba gatse yake yi ba. Na dubi fuskarsa, da gaske yake tambaya. Na gaya masa rana da wata da shekara. Ya maimaita a hankali sau ɗaya. Ya tashi, ya cire jesin lamba tara, ya ninke ta yadda na koya musu, ya ajiye a kan benci ya tafi da singileti.

Alhamis, 21 ga Agusta, da hantsi

Bai zo ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, da hantsi

Bai zo ba. Gwaggonsa ta ce tun shekaranjiya ya tafi Babban Mutum.

Yaran sun yi wasa goma da goma. Ba a ci ƙwallo ko ɗaya ba, amma an fi minti ashirin ba wanda ya faɗi ƙasa. Ban san ko in yi murna ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Babban Mutum a kan babur, ruwa ya tare ni sau biyu a hanya. A zaure aka ajiye ni. Kawunsa ne ya fito. Abin da ya faɗa mini ba zan sa shi a littafin nan ba, yara suna iya buɗewa wata rana. Rabinsa gaskiya ne, sauran rabin ma ban iya musawa ba.

Barakatu ba ta fito ba. Ta aiko da ruwa a kofin silba, na sha. Da zan tafi na ji muryarta daga bayan katanga tana ce wa wata yarinya ta gaya wa Malam ta ji, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba ta ce a gaishe da Talatu ba. Shekara ashirin da biyu, ba ta taɓa mantawa ba sai yau.

Na hango Abdulmuhaimin a gona daga kan hanya, ya sunkuya cikin wake. Na rage gudu. Bai ɗago ba.

Litinin, 25 ga Agusta, da safe

Na rubuta. Shafi biyu a kan Kabiru: abin da yake gani, abin da bai iya ba tukuna, ƙafar hagunsa, rashin nauyinsa, da cewa kada a gaggauta shi, a ba shi abinci da shekara biyu. Shafi ɗaya a kan Abdulmuhaimin, da shekarunsa na gaskiya a layin farko. Da na zo wurin da ake faɗin matsayin ɗan wasa a tsakanin sa'o'insa, alƙalami ya tsaya. Ban taɓa ganinsa da sa'o'insa ba. Haka na rubuta.

Na ɗauki hotonsu da wayar Siddiƙa na tura.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Maiturare ya kira. Wannan karon bai tambayi damina ba. Ya ce, Lawal, irin wannan takardar guda nawa ce a jakarka? Na ce akwai wasu biyu. Ya ce kofin da muka ɗauka shekara biyu da suka wuce fa? Na ce yana ofishin shugaban makaranta a kan kabad.

Ya ce ba zai ɓoye wa shugabanninsa ba, kuma bai san me za su yanke a kaina ba. Kabiru dai ya zo ranar Alhamis da mahaifinsa. Game da ɗayan, akwai wata ƙaramar ƙungiya a Katsina da ke gwada 'yan wasa ranar Asabar, kocinsu yaronsa ne, zai yi magana. Ya ce kada in sa rai.

Na aika wa Abdulmuhaimin saƙo da wuri da lokaci. Ya buɗe, bai amsa ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, da hantsi

Kabiru ya tafi Kano. Takalmansa a cikin leda, mahaifinsa riƙe da katin asibitin a aljihun gaba yana dafe da shi. Sai mako mai zuwa za a ji sakamako.

Juma'a, 29 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Ba amsa. Talatu ta ce in je tasha gobe ko da ba amsa. Ta ce in ya zo bai same ni ba, wannan ba mai gyara shi.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan magariba

Na same shi a tasha ya riga ni, yana zaune a kan jakarsa. Ya gaishe ni gaisuwar da ake wa baƙo. A mota ya zauna baya, ni gaba, har Katsina.

Mutum arba'in da wani abu suka zo gwajin, wasu da gemu, wasu sun buga a ƙungiyoyi uku huɗu. An sa shi a rukuni na biyu, minti arba'in. Ƙwallon farko da ta zo masa, ya sa kafaɗa yadda ya saba. Ɗan bayan ko gezau, shi ne ya tafi ƙasa. Ya tashi yana kallon mutumin da mamaki. Ta biyu aka ƙwace kafin ya juya. Ta uku ma. Na tsaya a bayan waya ina jin kamar ni ake kayarwa. Duk abin da ya kamata in koya masa shekara biyar, yadda ake karɓar ƙwallo da mutum a bayanka, yadda ake sakinta da wuri, yadda ake gudu ba tare da ita ba, ban koya masa ba, don ƙwallaye suna shiga raga kuma ana tafa mini.

Wajen minti na talatin ya daina neman karo. Ya fara ja baya yana karɓa yana mayarwa da taɓawa ɗaya. Sau ɗaya ya zille ta bayan ɗan bayan nan, ya buga da dama, ta daki turke ta fita. Shi ke nan abin da ya yi. Bai ci ba.

Kocin nasu, matashi ne mai sanƙo, ya kira sunaye tara da za su zauna mako biyu a ƙara dubawa, ba alkawari. Na takwas ne shi. Da na je yi masa godiya ya ce yaron yana da gudu da zuciya, kuma yana koyo a cikin wasa, wanda ba kowa ba. Sai dai an bar shi a baya da kamar shekara uku. Ya ce wa ya horar da shi? Na ce ni ne. Ya ɗan ji kunya, ya ce bai sani ba. Na ce ba komai, daidai ya faɗa.

Abdulmuhaimin ya rako ni bakin ƙofar filin, leɓensa a fashe, yana ɗingishi kaɗan. Na ce ya riƙa sa ƙanƙara a idon sawun. Ya ce to. Muka tsaya. Sai ya ce, "Koci, ban taɓa gajiya a wasa ba sai yau."

Na ce yaya ya ji?

Ya yi tunani, ya ce bai sani ba tukuna. Ya ce in na je gida in aika wa innarsa cewa ya zauna, shi ba zai iya kiranta yau ba. Na ce ba aikawa zan yi ba, da ƙafata zan je, ko a zaure za a bar ni.

Litinin, 1 ga Satumba, da hantsi

Jiya na je. A zaure aka bar ni, amma ta tsaya a bakin ƙofa ta saurara har na gama.

Yau yara ashirin da ɗaya suka zo. Kafin a fara na tara su, na ce kowa ya je ya tambayi mahaifiyarsa shekarar da aka haife shi, ba wadda ke takarda ba, ya zo mini da ita ranar Laraba. Na ce wanda ya wuce sha bakwai ba korarsa zan yi ba, zan raba filin biyu, manya su buga da manya.

Na san da biyu. Biyar ne suka sunkuyar da kai.